Yadda Za Ka Gyara Gidanka Ya Rage Shan Wuta a Zariya, da Inda Kuɗin Aikin Zai Fito

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da aka yi wa alƙawarin wuta mafi yawa, a Afrilun 2024, tambaya guda ce ke ta dawowa daga masu karatu a Samaru, Tudun Wada, Gyallesu, Sabon Gari da cikin Birni. Kowa na son gidansa ya rage cin wuta da fetur, kowa na son ya sa sola, amma kuɗin fa? Shin kamfanin wuta ko ƙaramar hukuma ba su da hanyar da za su ɗauke wa mutum wani abu?

A wasu garuruwan Amurka, kamfanin wuta ko hukumar gari kan biya kuɗin gyaran gida, sai a riƙa cira kaɗan-kaɗan a bil ko a harajin gidan. Kada ka zauna jiran irin wannan ya ƙwanƙwasa maka ƙofa a Kofar Doka. Abin da muke da shi a nan a warwatse yake: wani a hannun Kaduna Electric, wani a dokokin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, wani a ƙungiyar gama kai ta wurin aikinka, wani a zauren mai unguwa. Aikinka shi ne ka tattaro su, ka bi su a jere. Jerin nan shi ne komai, domin yawancin asarar da ake yi ba ta rashin kuɗi ba ce, ta fara aiki daga ƙarshe ce: a ciyo bashi a sa sola, alhali gidan na nan da kayansa masu zuƙar wuta.

1. Rubuta abin da kake kashewa na wata guda

Sayi ƙaramin littafi. Tsawon kwana 30 ka rubuta kuɗin katin wuta ko bil, litar fetur nawa janareta ya sha, baƙin mai, kuɗin mai gyara, cajin waya da fitila a shago, ƙanƙarar da ake saya lokacin zafi, har da karo-karon da ake yi idan taransifoma ta lalace. Jimillar da ta fito ita ce jarinka. Daga cikinta za a biya duk wani bashi da za ka ci nan gaba, ba daga kuɗin cefane ba.

A shafi na biyu, zagaya ɗaki-ɗaki ka rubuta duk abin da ake jonawa da wat ɗinsa. Yana rubuce a jikin kayan, galibi ta baya ko ta ƙasa. Lissafin yunit ba wuya: wat sau awannin aiki, a raba da 1,000. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi awa ɗaya ya cinye yunit ɗaya ke nan.

Gargaɗi: kada maigida ya yi wannan shi kaɗai. Uwargida ce ta san sau nawa ake jona hita da asuba da kuma awa nawa firiza ke kunne. Idan ba a tambaye ta ba, lissafin zai fito da kyau a takarda, a aikace kuma ya rushe.

2. Mita kafin komai

Idan bil ɗin ƙiyasi ake kawo maka, duk gyaran da za ka yi ba zai rage maka ko kwabo ba. Ka canza fitilu, ka sayar da tsohon firji, ƙarshen wata takarda ɗaya za ta zo. Don haka mitar kati ita ce tubalin farko, kuma nan ne wurin da kamfanin wuta ke da hannu kai tsaye a kuɗin aikinka.

Hanya biyu ce. Akwai mitocin da ake rabawa ƙarƙashin shirye-shiryen gwamnati, waɗanda ba a biyan kuɗinsu, sai dai jira, kuma layi-layi ake bi. Akwai kuma tsarin MAP, inda kai za ka biya kuɗin mitar tun farko. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙa'idar NERC kuɗin nan ba kyauta ka ba kamfani ba. Rance ne, ana mayar maka da shi a hankali ta hanyar ƙarin yunit a lokacin da kake sayen kati. Ƙa'idar ta kuma ce a ɗaura mitar cikin kwana 10 na aiki bayan an biya.

Ga yadda za ka bi. Je ofishin Kaduna Electric da ke kula da unguwarku da tsohon bil mai ɗauke da lambar asusunka, da katin shaida, da lambar wayarka. Cike takardar neman mita. Za a turo a duba gidan, a tantance ko mai layi ɗaya kake buƙata ko mai layi uku. Sai bayan haka za a ba ka bayanin inda za ka biya. Tun 2024 aka sakar wa kamfanonin mita su riƙa sa farashinsu, saboda haka ka tambayi farashin kowane kamfani da ke cikin jerin, ba na ɗaya kawai ba.

Gargaɗi na farko: kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu, ko da ya zo da rigar aiki da tsani. Banki kawai, cikin asusun da aka rubuta maka a ofis, kuma ka adana rasit har da hotonsa a waya. Wanda ba shi da rasit ba shi da bakin neman a mayar masa da kuɗi.

Na biyu: tsohon bashi ba ya mutuwa don an sa mita. Ana ɗora shi a kan sabon asusun, a riƙa cira duk lokacin da ka sayi kati. Kafin a ɗaura mitar, zauna da su a daidaita bashin. Tun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita, gwargwadon layin da yake kai. Idan an riƙa rubuta maka fiye da iyakar, kana da damar neman a gyara, a rubuce. A nan kaɗai wani gidan zai iya tsira da kuɗin da ya fi na mitar.

Na uku: duk mai wayarin da ya ce zai zagaye maka mita don a ɗauke hita ko injin ruwa daga kanta, sallame shi. Tarar karon farko ga mai layi ɗaya ta kai naira 100,000, ban da biyan wutar da aka sha, ban da haɗarin gobara, ban da haƙƙi.

Ka kuma duba takardar katinka ka ga rukunin da aka sa ka. Band A alƙawarin awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Daga Yulin 2024 yunit ɗaya a Band A ya koma naira 209.5, kuma farashi na iya sauyawa, don haka abin da ke kan takardarka shi ne abin dogaro. Idan ana cajinka kuɗin A amma wutar ba ta kai ba, riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa. Ƙa'ida ta ce layin da ya kasa cika alƙawari kwana 7 a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da shi.

Gidan haya mai ɗakuna da yawa, irin na ɗalibai a Samaru da Kongo, matsalarsa daban. Mita ɗaya ga mutum goma na nufin ba wanda zai yi tattali, tunda mai hita da mai fitila ɗaya kuɗi ɗaya suke bayarwa. A nemi mita daban-daban idan zai yiwu. Idan bai yiwu ba, a sa ƙananan mitocin ƙidaya a kowane ɗaki, kowa ya biya abin da ya sha.

3. Sauke nauyin gidan, daga mai araha zuwa mai tsada

Wannan matakin ba ya buƙatar bashi, kuma shi ne ya fi saurin mayar da kuɗinsa.

Fara da fitilu. A ce gida na da ƙwai 8 na tsohon yayi, masu wat 60, suna kunne awa 6 a dare. Yunit 2.9 ke nan a rana. Idan aka maye su da LED mai wat 9, abin zai koma ƙasa da rabin yunit. Bambancin a wata ya haura yunit 70, wato kusan naira 15,000 a farashin Band A. Ka kwatanta da kuɗin ƙwai 8 a kasuwar Sabon Gari, za ka ga cikin ɗan lokaci sun biya kansu. Kar a manta da fitilar waje da ta zaure, su ne ke kwana a kunne. A guji ƙwan da ya yi araha fiye da kima. Ba ya jure hawa da saukar wuta, kuma wat ɗin da aka rubuta a kwalinsa sau da yawa ba gaskiya ba ne. Sayi biyu ka gwada tukuna.

Sai fankoki, waɗanda a ganina su ne aka fi rainawa. Fankar sama ta gargajiya na cin wajen wat 75. Sabbin nan masu injin DC na cin kusan wat 30. Fanka 4, awa 10 a rana, bambancin yunit 1.8 ne kullum, yunit 54 a wata. Riƙe wannan adadin, zai dawo idan mun zo maganar batir.

Firji da firiza: kafin ka yi tunanin sabo, duba robar bakin ƙofar. Sa takarda ka rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na tsiyaya, a canza robar. Janye shi daga jikin bango da kusa da murhu. Idan tsohon na hannu ne da ya shekara da shekaru yana ruri ba hutawa, shi ne abin da ya cancanci a saka a jerin abin da za a saya da bashi ko adashi, a ɗauko mai inbata, wato irin da ba ya cin wuta sosai.

Hita, dutsen guga, risho na lantarki da injin jan ruwa ba canza su ake yi ba, lokaci ake sa musu. A yi guga da cika tanki sa'ad da wutar kamfani ke nan. Ruwan wanka da sanyin hunturu a ɗora a gas. Waɗannan ba za su hau kan sola ba, sai in kana da kuɗin ninka komai.

4. Rufi da zafi

Duk wanda ya taɓa zama a soron ƙasa a cikin Birni a watan Afrilu ya san bambancinsa da ɗakin bulo mai kwano. Zafin da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ke fama da shi daga sama yake sauka. Ɗakin da ba silin, a sa masa. Wanda ke da silin, a buɗe ƙananan ƙofofin iska a ƙarƙashin kwano don zafin da ya taru ya samu mafita, a sa musu raga saboda jemage da ɓera. Idan ana shirin canza kwano, a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashinsa, a kuma zaɓi launi mai haske. Tagar da ke kallon yamma a yi mata rumfa ko labule mai kauri, in da fili a dasa darbejiya ko mangwaro, amma nesa da tushen gini.

Gargaɗi: tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbestos ne. Ƙurarsa na illa ga huhu. Idan bai fashe ba a bar shi, kada a sa yara su farfasa ko su share shi a bushe. Kuma aikin rufi na rani ne, a gama kafin ruwan Mayu, musamman idan a kan rufin za a ɗora faifan sola. Wanda ya ɗora sola a kan ruɓaɓɓen katako zai biya kuɗin saukewa da mayarwa.

5. Yanzu ne za a auna sola

Koma littafinka, ka ware abin da dole ya yi aiki idan an ɗauke wuta: fitilu, fankoki, caji, talabijin, wataƙila ƙaramin firji. Haɗa yunit ɗinsu na rana. A ce ya kama yunit 3. Zariya na samun ƙarfin rana da ya kai kimanin awa 5 cikakku a yini. Raba 3,000 da 5, ka samu wat 600, sai ka ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda asara a waya da ƙura da hadarin Agusta. Faifan da jimillarsu ta kai wat 800 ke nan.

Batir ne ke cin kuɗi. Batirin ruwa mai 200Ah da bolt 12 na ɗauke da yunit 2.4, amma rabi kawai ya kamata a sha idan ana son ya yi ƙarko, wato 1.2. Ka tuna yunit 1.8 da canza fanka 4 ya rage? Ya fi abin da batir guda ke bayarwa. Ma'ana, wanda ya canza fankokinsa ya tsira da kuɗin batir ɗaya da rabi, da faifan da za su cika su. Dalilin da ya sa na dage a kan jerin matakai ke nan. Batirin litiyom ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa. Idan bashin shekara biyu ko uku za ka ci, kada ka ci shi a kan batirin da zai iya mutuwa kafin ka gama biya.

Nemi farashi a rubuce daga mutum uku, kowanne da sunan kaya, girmansu, tsawon garanti, da kuɗin aiki daban. Wanda ya ce maka kawai zai haɗa maka "mai ɗaukar komai" ba tare da ya tambayi abin da ke gidan ba, bai san aikin ba ko kuma ya san abin da yake yi.

6. Inda kuɗin zai fito

Ƙa'ida ɗaya ce ke mulkin wannan mataki: abin da za ka riƙa biya a wata kada ya wuce abin da gyaran ya rage maka a wata. Idan janaretanka na shan lita 2 a rana, lita 60 ke nan a wata. Ninka da farashin fetur na yau, ka ƙara da ragin da ka samu a kati. Iyakarka ke nan. Duk tayin da ya haura, ko dai ka rage girman aikin ko ka nemi a tsawaita lokaci.

Adashi shi ne mafi tsabta, ba ruwa ba takarda. Ya dace da fankoki, firji da silin. Matsalarsa farashi na gudu kafin kwasarka ta zo, don haka ranar da ka kwasa ka sayi kayan, kada kuɗin ya kwana biyu a gida. Wasu maƙwabta kan yi adashin sola zalla, mutum shida ko takwas, duk wata a haɗa wa gida ɗaya, mai aiki ɗaya, a sayi kaya a sari. Dabara ce mai kyau, muddin an rubuta jerin kwasa a gaban shaidu.

Ma'aikatan jami'a, asibitin koyarwa, kwalejoji, makarantu da ƙananan hukumomi, ƙungiyar gama kai ta wurin aikinku ita ce ƙofar farko da za ku ƙwanƙwasa. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun saba sayo wa mambobi kayan abinci da babura a cire a albashi. Ba abin da zai hana a yi haka da sola da firji. Ku haɗu ku goma ko ashirin ku rubuta wa shugabannin, ku nemi su tattauna da dila guda a kan farashin sari da garanti. Dila ya fi jin maganar ƙungiya da ke riƙe da kuɗin gida ashirin fiye da ta mutum ɗaya.

Wanda ke gudun kuɗin ruwa, bankuna irin su Jaiz da TAJ na aiki da tsarin murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Ka je da takardar farashin dila, bayanin asusunka na watannin baya, da shaidar albashi ko sana'a. Tambaya ɗaya za ka riƙe: jimillar abin da zan biya daga farko zuwa ƙarshe nawa ne, har da kuɗin takardu da na takaful, wato inshorar Musulunci? A rubuta maka adadin.

Akwai kuma CREDICORP, hukumar bashin masu saye da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, wadda ke da shiri na musamman don sola da mayar da motoci su koma amfani da gas. Ba ita ke miƙa kuɗi hannu da hannu ba, ta bankuna da cibiyoyin kuɗi abokan hulɗarta take bi. Ka nema ta shafinta na intanet da kanka. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗin fom don ya saka sunanka, ɗan damfara ne.

Ga ƙananan gidaje da masu shago, kamfanoni irin su Sun King da d.light na ba da ƙaramar sola a biya kaɗan-kaɗan: ka ajiye wani abu, sannan ka riƙa biya mako-mako ko wata-wata. Idan ka yi jinkiri na'urar na kulle kanta har sai ka biya. Amfaninta ba a neman jingina. Amma ka ninka kuɗin mako da yawan makonni, ka haɗa da na ajiya, ka kwatanta da farashin saye kai tsaye, domin ratar kan yi faɗi. Ka kuma tambayi inda ake gyara a Zariya idan ta lalace.

Game da tallafin da ake ji a rediyo: shirin DARES, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a ƙarshen 2023 kuma hukumar REA mai samar da wuta a karkara ke gudanarwa, gaskiya ne. Sai dai kamfanonin da aka tantance ake ba tallafin, domin su sauke farashi ko su kafa ƙananan tashoshin sola. Ba a tura wa magidanci kuɗi a asusu. Abin da za ka yi shi ne ka tambayi dila ko kamfaninsa na cikin shirin, in yana ciki, ragin ya bayyana a takardar farashi.

Ɗan haya kuma, kada ka sa silin ko mita a gidan wani da baki kawai. Ku rubuta da mai gida cewa za a cire kuɗin a haya, ko kuma kayan da ake iya kwancewa naka ne ranar tashi.

7. Unguwa, ƙaramar hukuma da kamfanin wuta

Akwai abin da gida ɗaya ba zai iya gyarawa ba. Idan taransifomar unguwa ta yi wa jama'a kaɗan, wuta za ta riƙa zuwa ba ƙarfi, firji ya ƙone, inbata ta ƙi caji, duk tattalinka ya tafi a banza. A nan ne haɗin gwiwa ke da amfani, kuma a nan ne aka fi cutar mutane.

Abin da aka saba: taransifoma ta ƙone, a bi gida-gida a tara kuɗi, a gyara ko a sayi sabuwa, shi ke nan. NERC ta sha nanata cewa sayen taransifoma, falwaya da waya aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu sha ba. Idan jama'a sun ga ba za su iya jira ba, doka ta ba su damar zuba kuɗinsu, amma da sharaɗin a ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfanin kafin a fara, wadda ta fayyace nawa aka kashe da yadda za a mayar, galibi ta hanyar yunit. Kafin, ba bayan ba. Da zarar an ɗaura kaya a layi ba takarda, sun zama na kamfani, kuɗinku kuma ya zama sadaka.

Ga jerin da ya kamata a bi. A kafa kwamitin mutum biyar zuwa bakwai a gaban mai unguwa, a sa mace ko biyu daga masu sana'ar ƙanƙara, niƙa ko ɗinki, tunda su ne rashin wuta ya fi taɓawa. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, kada a tara a asusun mutum ɗaya komai amincinsa. A rubuta wa Kaduna Electric wasiƙa da jerin gidaje da lambobin asusunsu, a karɓi kwafi mai hatimin "an karɓa". Unguwar da yawancin gidajenta ke da mita kuma suna biya ta fi ƙarfin baki a teburin nan, wannan ma wani dalili ne na mataki na 2.

Ina ƙaramar hukuma ta shigo? Ko ta Zariya ce ko ta Sabon Gari, kada ku je da tunanin za a ba kowane gida kuɗin gyara. Ku je da buƙatu ƙayyadaddu, ta hannun kansilan mazaɓarku: wasiƙar goyon baya zuwa kamfanin wuta da REA, filin da za a kafa taransifoma ko faifan sola, sa hannun jami'inta a matsayin shaida a yarjejeniya, da saka aikin a kasafin shekara mai zuwa. Wannan na ƙarshe yana da lokaci. Buƙatar da ta isa bayan an rufe kasafi sai wata shekara. Haka ’yan majalisar jiha da na tarayya, da ke da ayyukan mazaɓu. Idan ɗan siyasa ya ba da kyautar taransifoma, a tabbata kamfanin wuta ya duba ta ya karɓa a rubuce, in ba haka ba za ta yi shekara a ajiye tana tsatsa a bakin hanya.

Unguwa ko kasuwa mai yawan masu sana'a na iya zuwa gaba da haka. Dokar ƙananan tashoshin wuta ta NERC ta yarda a ƙulla yarjejeniyar ɓangare uku: jama'a, kamfanin rarraba wuta, da kamfanin sola mai zaman kansa. Kamfanin solar ne ke zuba jari, ya yi amfani da wayoyin da ke nan, ya ba da wuta lokacin da ta babban layi ba ta nan, kowa ya biya ta mita. Ba gidan da zai ci bashin batir. Abin da za a tsaya a kai kafin sa hannu: farashin yunit, awannin da aka yi alƙawari, yadda za a ƙara farashi nan gaba, da wanda zai gyara idan abu ya lalace. A nemi lauya ya karanta, ko da karo-karo za a yi a biya shi.

8. Ranar haɗa kaya

Ka kasance a gida. Duba lambobin jikin faifai, inbata da batir, su dace da abin da ke takarda. Faifai su kalli kudu, a ɗan karkace su kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya riƙa wanke su, kuma a tabbata inuwar tankin ruwa ko bishiya ba ta faɗa musu. A raba layin gida biyu, na kayan da ke kan sola da na masu nauyi. A sa makunnin sauya layi yadda wutar inbata ko janareta ba za ta koma kan wayar kamfani ba, domin tana iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya. A kafa sandar ƙasa da abin kariya daga tsawa. Damina a Zazzau ba ta wasa. Batir a wuri mai iska, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da tukunyar gas ba. Mai aikin ya zama yana da shaidar hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu wayarin.

Kada ka biya kuɗin aiki duka a ranar. Riƙe wani kaso, da yardar juna tun farko, har kayan su yi mako biyu suna aiki. Da hunturu kuma a riƙa wanke faifan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, aƙalla sau ɗaya a mako, don ƙurar Disamba da Janairu na rage ƙarfinsu ƙwarai.

9. Idan an biya mita ba a kawo ba, ko ba a mayar da kuɗi ba

Ƙorafin baki a bakin ofis ba ya zuwa ko'ina. Rubuta wasiƙa zuwa sashen ƙorafin masu hulɗa na kamfanin, ka haɗa kwafin rasit da lambar asusu, ka karɓi shaidar karɓa mai kwanan wata. Suna da kwana 15 na aiki su warware. Idan lokacin ya wuce, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kai maganar ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke Kaduna, da kwafin wasiƙar farko. Ba a biyan ko sisi. In can ma ba a daidaita ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa hedikwatar hukumar a Abuja. Idan matsalar ta shafi gidaje da yawa, ku shigar da ita tare, kowa da lambar asusunsa da sa hannunsa, kuma ku ci gaba da biyan kuɗin wutar da ba a jayayya a kansa yayin da ake duba maganar, don kada a samu hujjar yanke muku layi.